Gulbin Maraɗi da Tabkin Madarumfa: Tarihin Rabon Ruwa Tsakanin na Sama da na Ƙasa

1. Gabatarwa

A shekarar 1989 aka kammala madatsar ruwa ta Jibiya cikin jihar Katsina, bisa kogin Gada, wanda shi ne ake kira Gulbin Maraɗi da zarar ya tsallako iyaka. Shekara ɗaya bayan haka, ranar 18 ga Yuli 1990, gwamnatocin Nijar da Nijeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka yi tarayya a kansu. Tun daga wannan lokaci, duk sa'ad da aka tayar da zancen ruwa a Madarumfa, tambayar da akan fara yi ita ce: nawa aka tare a Jibiya, nawa kuma aka sako?

Manufar wannan takarda ita ce mu nuna cewa tambayar tana bisa hanya, amma ba ta cika ba. Idan muka bi tarihin kwarin tun daga ƙarni na 19, za mu tarar cewa abin da mazaunansa suka daɗe suna rabawa shi ne lokaci: yaushe ruwa ke zuwa, kwana nawa yake yi bisa fadama, wa ke shiga bayan ya janye. Tsare-tsaren zamani kuwa adadi suke ƙirgawa. A ganinmu, tazarar da ke tsakanin waɗannan lissafi biyu ita ce tushen matsalar da Madarumfa ke fama da ita. Za mu fara da bayanin yanayin gulbin, sa'an nan mu bi zamunna ɗaya bayan ɗaya.

2. Yanayin gulbin da mazubinsa

Da kalmar «mazubi» muna nufin dukkan ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa ya taru cikin kogi ɗaya, wato tudu da jigawa da koramu da fadama baki ɗaya. Mazubin Gulbin Maraɗi ya faro ne daga ƙasar Katsina, inda ƙasa take bisa dutse, ruwan sama kuma ya fi na arewa yawa. Gulbin yana shigowa Nijar ta wajen Nyelwa, ya bi ta Madarumfa, Jiratawa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, daga nan ya karkata yamma ya koma Nijeriya, ya faɗa Gulbin Rima, wanda ke haɗuwa da na Sakkwato kafin su zuba cikin kogin Kwara. Ke nan kansa da wutsiyarsa suna Nijeriya, cikinsa kaɗai ke Nijar, tsawon kilomita ɗari da ƴan kai. Wannan siffa tana da muhimmanci ga abin da zai biyo baya, domin kowace ƙasa cikin biyun ta sama ce a wani wuri, ta ƙasa ce kuma a wani.

Gulbin ba ya gudu duk shekara. A bisa ɗabi'arsa yakan kawo ruwa daga wajen Yuni zuwa Oktoba, sauran watanni sai yashi. Ma'aikatan cibiyar bincike ta Faransa, ORSTOM, sun yi awon ruwansa a Nyelwa da gadar Madarumfa, kuma ƙiyasin da aka saba bayarwa na abin da yake shigowa da shi Nijar a shekara shi ne kimanin mita kubik miliyan 200. Sai dai ba duka wannan ruwa ke wucewa ba. Wani kaso yana nutsewa cikin yashi da laka da suka cika kwarin, ya zama ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ake cim ma da rijiya marar zurfi. Wannan taska ta ɓoye ita ce rumbun kwarin na gaskiya, kuma ambaliyar damina ce ke cika ta.

Tabkin Madarumfa, wanda ke kudu da Maraɗi da tazarar kilomita ashirin da wani abu, yana samun ruwansa ne daga Gulbin Gabi da ke fitowa ta ɓangaren dajin Babban Rafi, da kuma Gulbin Maraɗi idan ya yi cika sosai. Yakan faɗaɗa da kaka, ya tsuke da bazara.

3. Kafin zuwan Turawa: rabon lokaci

Bayan da masu jihadi suka ci birnin Katsina a farkon ƙarni na 19, zuriyar sarakunan Haɓe ta yi arewa. Wajen 1819 Ɗan Kasawa, tare da goyon bayan Annan da ke zaune cikin kwarin tun da daɗewa, ya kafa mulkinsa a Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tibiri kusa da shi. Ba banza ba sarautu biyu suka zauna bakin gulbi ɗaya kusa da juna. Kwarin a lokacin kurmi ne mai duhu wanda ke wahalar da dawakin abokan gaba, yana da ruwa kusa, yana kuma ba da abinci ko da damina ta yi gardama.

Amfani da fadama yana bin kalandar ruwa ne. Da damina gulbi yakan cika ya malala, ya bar laka mai taki. Da ya fara janyewa, masunta ke da kududdufai da tabki, ƙarƙashin jagorancin sarkin ruwa. Da ƙasa ta tsane, sai masu lambu su shiga, su gina rijiyoyi, su kafa jigo, su shuka taba, albasa, alkama da rogo. Da rani ya yi nisa kuwa, makiyaya sukan gangaro da dabbobi su ci karan da ya rage da ƴaƴan gawo, su sha a tabki, su bar taki. Ƙasa ɗaya ce da ruwa ɗaya, amma masu haƙƙi uku ko huɗu, kowa da lokacinsa. Binciken Guy Nicolas kan al'ummar kwarin, da na Claude Raynaut kan ƙauyen Sumarana da lambunansa a shekarun 1960, sun tarar da ragowar wannan tsari yana aiki.

Ba muna cewa babu husuma a wancan zamani ba. Akwai ta, tsakanin manomi da makiyayi, da tsakanin gida da gida kan bakin fadama. Abin lura shi ne ma'aunin da ake yanke hukunci da shi. Malaman mazhabar Malikiyya sun san hukuncin da ya zo cikin Muwaɗɗa game da koramun Mahzur da Muzainib na Madina, inda aka bai wa na sama damar tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan kuma wajibi ne ya sake shi ga na ƙasa. Sun kuma san cewa ba a hana mai ƙishirwa ko dabbarsa sha. Hukunci ne na jeri da iyaka: na sama ne farko, amma farkonsa yana da ƙarshe. Har ila yau, kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayen tabkin Madarumfa sun ba wurin wata alfarma wadda ta fi ƙarfin mallakar mutum ɗaya.

4. Iyaka, gyaɗa da ambaliyar 1945

Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898, 1904 da 1906 su suka tsaga mazubin biyu. Damuwar Faransawa a lokacin ita ce su sami hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tabkin Cadi, shi ya sa suka nace har Maraɗi da Gobir suka faɗo hannunsu. Tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. An yi la'akari da ruwan shan ayari da na soja, amma ba a yi tanadin kome game da gudun gulbin kansa ba. Dalili kuwa a fili yake: a wancan zamani babu mai ikon tare shi, saboda haka babu abin rabawa.

Canjin da ya fi taɓa ruwa a zamanin mulkin mallaka a tudu ya faru. Da yaƙe-yaƙe suka ƙare, mutane suka fita daga garuruwa masu ganuwa suka bazu cikin jigawa suna saran daji. Haraji da kasuwar gyaɗa, wadda ta bunƙasa daga shekarun 1930 har zuwa ƙarshen shekarun 1960, suka ƙara wa saran ƙarfi, a ɓangaren Maraɗi da na Katsina duka. Ƙasar da aka tuɓe wa itatuwa ba ta riƙe ruwa. Yakan gudu da sauri, ya haƙa kwazazzabai, ya kwashi rairayi ya kai cikin gulbi da tabki.

A 1945 gulbi ya yi wata cika wadda ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, hukuma ta mayar da garin bisa tudu inda yake a yau, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana cikin littafinsa kan Alhazan Maraɗi (1986). Muna ganin wannan ambaliya ta bar wani gado cikin tunanin ma'aikata: cikar gulbi ta zama masifar da ake neman tsari da ita. Ga mai lambu a Safo ko Tarna kuwa, shekarar da gulbi bai malala ba ita ce shekarar masifa.

5. Fari da zamanin manyan ayyuka

Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwan sama ya ja baya a Sahel baki ɗaya. Farin 1973-1974 da na 1984 suka karya noman gyaɗa, suka hallaka dabbobi, suka sa kowace gwamnati ta ɗauki noman rani a matsayin mafita. Kowace ƙasa ta nemi mafitar ita kaɗai, gwargwadon ƙarfin aljihunta.

Nijeriya, da kuɗin man fetur, ta bi hanyar manyan madatsu. An kafa hukumar raya kwarin Sakkwato da Rima a 1973, a 1976 kuma aka raba ƙasar duka tsakanin hukumomi 11 irinta. Aka gina Bakolori (1978), Zobe (1983) da Goronyo (1984). Tarzomar manoman Bakolori ta 1980, wadda aka murƙushe da asarar rayuka, da kuma lalacewar noman fadama a ƙasan madatsar, sun riga sun nuna abin da ke faruwa idan aka tsayar da ambaliya ba tare da an yi lissafin masu rayuwa da ita ba.

Nijar ba ta da irin wannan kuɗi, kuma kwarin Maraɗi shimfiɗaɗɗe ne mai yashi. Sai ta juya ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. An kafa ONAHA, hukumar kula da filayen ban ruwa, a 1978. A farkon shekarun 1980, ƙarƙashin shirin raya karkarar Maraɗi wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, aka buɗe filin ban ruwa na Jiratawa mai faɗin hekta 500 da ɗoriya, wanda ke shan ruwa daga rijiyoyin burtsatse da injunan lantarki. A watan Mayun 1984 kuma aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a Maraɗi. A daidai waɗannan shekaru ne manoman yankin, da ƙarfafawar Tony Rinaudo na mishan ɗin SIM, suka fara barin kututturan itatuwa su sake tohowa cikin gonaki.

A nan ne saɓanin ya fito. Jiratawa ta dogara da taskar da ambaliya ke cikawa, Jibiya kuwa an gina ta ne don ta tare ambaliyar. An zana madatsar a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Katsina, aka kammala ta a 1989. Tana ɗaukar mita kubik miliyan 142, da nufin ban ruwan kimanin hekta 3,500 da samar da ruwan sha. Idan muka aza wannan adadi kusa da miliyan 200 da muka ambata, za mu ga cewa madatsar na iya haɗiye kaso mafi girma na ruwan shekara, musamman ma cikar farkon damina idan ta tarar da ita a rame. Ayyuka biyu ne cikin mazubi ɗaya, tazararsu ba ta kai tafiyar awa biyu a mota ba, amma kowanne an tsara shi kamar ɗayan babu shi.

6. Yarjejeniyar Maiduguri

Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mai mazauni a Yamai, kuma a ƙarƙashinta aka ƙulla yarjejeniyar 1990. Ta shafi mazubai huɗu: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Ta tabbatar wa kowace ƙasa kaso na adalci, ta lissafa abubuwan da za a duba wajen tantance shi, kamar ruwan sama, amfanin da ake yi da ruwan a halin yanzu da bukatun da ake hange. Ta wajabta musayar bayanai da sanar da juna kafin a fara wani aiki, ta tanadi kwamitin ƙwararru, ta kuma yarda a sa ruwan ƙarƙashin ƙasa cikin lissafi idan yana haɗe da na kogi. An yi mata gyara a Sakkwato a 1998.

Idan aka auna ta da zamaninta, yarjejeniya ce mai hangen nesa. Ta bi sawun ƙa'idojin Helsinki na 1966, ta kuma riga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan kogunan ƙasa da ƙasa (1997) da kundin ruwa na hukumar kwarin Kwara (2008). Duk da haka muna ganin rauni biyu a jikinta. Na farko, ta zo ne bayan an gama gini, sharaɗin sanarwa bai sami abin da zai kama a Jibiya ba. Na biyu, ta tsaya ga manyan ƙa'idoji, ta bar wa ƙwararru aikin mayar da su jadawali. Mai lambu a Madarumfa kuwa ba ƙa'ida yake shukawa da ita ba. Abin da yake son sani shi ne ranar da za a buɗe ƙofa, da kwanakin da za ta yi a buɗe.

7. Bayan madatsa: shaidar rijiya

Ba daidai ba ne a ɗora wa Jibiya dukkan laifi. Aƙalla abubuwa uku sun haɗu da ita. Na ɗaya yawan jama'a: ƙidayar 2012 ta ba birnin Maraɗi mutum kusan 267,000, gundumar Madarumfa kuma kusan 449,000, kuma birnin daga ƙarƙashin ƙasa yake sha. Na biyu ƙananan injunan ban ruwa. Tun daga shekarun 1990 suka maye gurbin jigo a ɓangarorin biyu na iyaka, da taimakon shirin Fadama a Nijeriya, da shirye-shiryen ban ruwa na masu zaman kansu a Nijar, da kuma arahar man fetur da ke tsallakowa ta Ɗan Isa kafin a cire tallafinsa a 2023. Jigo yana da iyaka, wato ƙarfin damtsen mai ja. Iyakar inji kuwa kuɗin mai. Na uku rairayin da ke sauka daga tudu yana cike tabki, yana rage masa zurfi, yana ƙara saurin ƙafewarsa.

Aikin da masana ruwan ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Abdou Moumouni suka yi cikin shirin GroFutures, daga tsakiyar shekarun 2010, ya ƙarfafa abin da manoma suka daɗe da sani: ruwan rijiyoyin kwari yana tashi ne idan gulbi ya gudu, ta cikin gadonsa taskar ke cika. Wannan yana da fuska biyu. Madatsa na iya hana taskar cika, tana kuma iya taimaka mata idan aka saki ruwa a kan kari. Madatsar ba ta kuma kawar da haɗarin ambaliya ba. A watan Yulin 2018 ruwan sama mai ƙarfi ya ci unguwannin garin Jibiya cikin dare, mutum sama da 40 suka rasu, ruwa ya kai gawawwakin wasu har cikin Nijar. Masifar ta tuna wa kowa cewa mazubin ɗaya ne.

A ɓangaren doka Nijar ta yi tafiya: ƙa'idojin dokar karkara (1993), dokar ruwa (2010), da tsarin ƙasa na sarrafa albarkatun ruwa a dunƙule (2017). An sa tabkin da dajinsa da kaburburan waliyyai cikin jerin wuraren da ƙasar ke neman UNESCO ta amince da su (2006), ya kuma shiga jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a 2019, da faɗin hekta 524. Amma duk waɗannan dokoki a bakin iyaka suke tsayawa. Rufe iyaka daga 2019 zuwa 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki, sun nuna yadda hulɗar ma'aikata ke tsinkewa da zarar ta shugabanni ta yi tsami. Ga filin da ke ɗaga ruwa da lantarki irin na Jiratawa, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

8. Kammalawa

Mun ga zamunna uku. A na farko ambaliya ce ke tsara rabo, mutane na bin ta da lokutansu. A na biyu iyaka ta raba mazubi, saran daji ya sauya halin ruwa. A na uku ɗan Adam ya sami ikon tare gulbi daga sama da zuƙe shi daga ƙasa, ba tare da ya maye gurbin tsohuwar kalanda da wata ba.

Daga wannan tarihi muna fitar da shawarwari uku. Na farko, tattaunawar ƙasashen biyu ta koma kan jadawalin sakin ruwa daga Jibiya, wanda zai haɗa da cika ɗaya mai ƙarfi da za ta malala bisa fadama ta kai tabki, a kuma sanar da shi ga ƙauyuka kafin damina. An gwada irin wannan ambaliya ta ganganci daga madatsar Manantali da ke cikin mazubin kogin Senegal bayan kammala ta, kuma akwai abin koyo cikin nasararta da gazawarta. Na biyu, a riƙa auna zurfin rijiyoyi tare da gudun gulbi, kuma masu injuna su karɓi iyaka a kansu, domin ba zai yiwu Madarumfa ta nemi adalci daga Jibiya ba alhali tana zuƙe rabon Tibiri da Gidan Rumji. Na uku, a lissafa aikin tudu, wato renon itatuwa da toshe kwazazzabai a Gabi da Babban Rafi da ƙasar Katsina, cikin aikin ruwa, tun da daga can rairayi ke fitowa.

Hujjar da za ta sa Nijeriya ta saurara tana cikin taswira. A Jibiya ita ce ta sama, amma a Rima ita ce ta ƙasa, haka kuma take a kogin Kwara, inda madatsar Kainji (1968) ke jiran ruwan da ya ratso Nijar, inda kuma Nijar ta soma aikin tata madatsar a Kandaji. Duk ƙa'idar da ɗaya ta kafa a wuri guda, da ita za a auna mata a wani. Ga ɗalibanmu masu neman batun bincike, muna nuni da wani aiki mai gaggawa: tattara bakin dattawan masunta, masu lambu da makiyaya daga Nyelwa zuwa Gidan Rumji game da shekarun cika da na rashi, a gwada shi da alƙaluman awo. Waɗanda suka ga gulbin kafin 1989 suna tsufa, kuma a wurinsu ne tsohuwar kalandar take.